Oga ya kwaso sabar biyu daga Ikeja, wai in haɗa su kulasta. Wane OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, zan ɗora?

Nura Apapa: Salamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawarar manya nake nema. Kamfanin da nake wa aiki na fito da kaya ne daga tasha, muna da manhajar bin kwantena da ta albashi da wata database, kuma dukkansu a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur ɗaya suke zaune ƙarƙashin teburin akanta. To oga ya shiga Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya kwaso sabar Dell R730 guda biyu tokumbo, kowacce RAM 128 da SSD huɗu, yace in haɗa su yadda in ɗaya ta mutu ɗayar zata ɗauki aikin ba tare da kowa ya sani ba. Ni Ubuntu Server na ɗan iya, amma ban taɓa yin irin wannan haɗin ba, wato kulasta. Me zan ɗora musu?

Sadiq Agege: Wa alaikumus salam. Tunda Ubuntu ka iya ai magana ta ƙare. Ɗauko 24.04, LTS ce shekara biyar ana turo mata gyara kyauta, kuma duk matsalar da zaka ci karo da ita wani ya riga ka ya rubuta maganinta a intanet. Sa ta a filasha da Ventoy ka wuce wurin.

Injiniya Bashir: Ubuntu a sabar kamfani? Haba Sadiq. Rocky Linux 9 zai sa, dangin Linux ɗin kamfanin Red Hat ce, tallafinta har 2032. Duk manyan wuraren da na yi aiki a Island gidan Red Hat suke bi, in yaron nan ya koyi wannan gobe zai ci abinci da shi.

Sadiq Agege: Hhh Injiniya gidan da suka yi mana abin da suka yi da CentOS, Linux ɗinsu ta kyauta? Disamba 2020 aka wayi gari aka ce CentOS 8 da aka yi alkawarin zata kai 2029 ƙarshen 2021 za'a rufe ta. Mutane nawa suka kwana ofis suna kwashe kaya

Injiniya Bashir: Ai dalilin da aka yi Rocky kenan ƙanina. Gregory Kurtzer da ya kafa ta yana cikin waɗanda suka fara CentOS ɗin tun asali. Ga AlmaLinux ma idan sunan Rocky ne bai maka ba.

Ɗan Mile 12: ni dai nace ku sa Kubernetes kowa ya huta

Sadiq Agege: Wannan kayan masu tarin sabobi a kan manhajar albashi? Allah ya shirye ka Ɗan Mile 12

Anti Rabi: Ku dakata mana, kun kama faɗan OS babu wanda ya tambayi yaron nan abin da zai gudana a kai. Nura, manhajojin nan naku a kan me suke yanzu, Windows ko Linux?

Nura Apapa: Anti ta albashi da ta kwantena Windows ne, database ɗin PostgreSQL ce ita ma a kan Windows ɗin aka sa ta.

Anti Rabi: To ka gani. Kenan ko Ubuntu ko Rocky ka ɗora dole sai ka yi injinan ƙarya a ciki, wato VM, ka zuba Windows. Zaka iya yi da hannu, KVM da Pacemaker da sauransu, amma ga wanda bai taɓa yi ba kuma oga na tsaye a kansa wahala ce kawai zaka saya. Proxmox VE zaka sa, OS ce da aka yi don tafiyar da VM. Debian ce a ƙarƙashi, ta 8 a kan Debian 12, ta 9 a kan Debian 13, don haka apt ɗin da ka sani a Ubuntu shi ne dai. Wani kamfani ne a Viyana ta ƙasar Ostiriya yake yinta, kyauta ake saukewa, kuma kayan kulasta a cikinta suke zuwa. Amma wannan duk ƙaramar magana ce. Babbar maganar ita ce sabar biyu basa yin abin da ogan ku yake so.

Nura Apapa: Kamar ya Anti? Ni na ɗauka biyu ai sun isa, ɗaya ta faɗi ɗaya ta tsaya

Anti Rabi: Bari in maka dalla dalla don nan ne kowa yake faɗawa rami. A kulasta kowace sabar tana da ƙuri'a ɗaya, kuma babu ɓangaren da aka yarda ya yanke hukunci sai yana da fiye da rabin ƙuri'u, shi ake kira kworam. Sabar uku, biyu sun isa. Sabar biyu kuwa fiye da rabi shine biyun duka. To in ɗaya ta mutu wadda ta rage ƙuri'a ɗaya gare ta cikin biyu, rabi ne cif ba rinjaye ba, sai Proxmox ta kulle /etc/pve, inda take ajiye saitinta, ya zama sai dai karatu, ba zaka iya tada sabon VM ba ballantana na ƴar uwarta. In ma ka kunna HA, wato tsarin da ke tada VM a ɗaya sabar da kansa in tasa ta mutu, abin ya fi muni, wadda ta rage ɗin zata ga ta rasa rinjaye, bayan kamar minti ɗaya agogon tsaro zai sake kunna ta da ƙarfi. Kaga ɗaya ta mutu ta ja lafiyayyar.

Malam Habu Idi Araba: To wannan ai rashin hankali ne daga masu manhajar. Tana gani ƴar uwarta ta mutu me zai hana ta ci gaba?

Anti Rabi: Malam ai bata gani, matsalar kenan. Abin da ta sani kawai ta daina jin ƴar uwarta. Ko mutuwa ta yi, ko kebul ne ya zare, ko suwic ne ya ɗauke, duk ɗaya ne a wajenta. In kowacce ta ɗauka ɗayar ce ta mutu duk su biyun zasu tada database ɗin su yi ta rubutu, kamar dillalai biyu a Mile 12 da wayarsu ta ƙi shiga kowa ya sayar da motar albasa ɗaya ga nasa mutumin. In layi ya dawo wanne ne gaskiya? Gara aiki ya tsaya na awa ɗaya da a wayi gari da lissafin kwantena kala biyu.

Malam Habu Idi Araba: Na ji wannan. Allah ya ƙara sani Hajiya

Nura Apapa: Innalillahi. Wlh in nace wa oga ya ƙara sayo ta uku a wannan tsadar dalar kora ta zai yi

Injiniya Bashir: Ba sai ya sayi ta uku ba. A nan na yarda da Hajiya duk da ni ba mutumin Proxmox bane. Shaida kawai kake buƙata, wata ƴar na'ura ta uku da bata ɗaukar VM, ƙuri'a kawai take jefawa. Ko Windows Server ma haka take yi in sabar biyu ne. A Proxmox QDevice ake ce masa. Ka samu ƙaramar kwamfuta ka sa mata Debian ka yi apt install corosync-qnetd, a sabobin biyu kuma corosync-qdevice, sai daga ɗaya ka buga pvecm qdevice setup da adireshin ƙaramar. Shikenan ƙuri'u sun zama uku. Raspberry Pi ma tana yi.

Sadiq Agege: Tsohuwar kwamfutar akantan nan fa? In an gama kwashe kayanta ai ta samu aikin fansho

Anti Rabi: Zata yi, amma sai bayan an kwashe an tabbatar komai na tafiya, kar a goge ta da wuri. Kafin nan ko tsohuwar laftof ce a samu, ita ma da batirinta a jiki. Sharaɗi ɗaya ne, kar wani mai wayo ya yi shaidar a matsayin VM a cikin ɗaya daga sabobin. Na taɓa tarar da haka a wani ofis a Surulere, sabar ta mutu ta tafi da shaidar tare.

Kabiru Cloud: Ni duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Ku kai AWS mana, hayar sabar Amazon ta intanet, suna da yanki a Kef Tawun tun 2020, ba dizal ba ƙura ba ɓera

Ɗan Mile 12: da dala zaka biya musu duk wata?

Sadiq Agege: Kuma ka manta 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE lokaci ɗaya? Ranar har wasu bankuna sun sha wuya. Mai kwantena a tasha kuɗin jinkiri na hawa kansa kullum ba zai ji labarin igiya ba

Kabiru Cloud: Sau nawa hakan ta faru, sau nawa kuma ake ɗauke wuta a Apapa? Ku yi lissafi da kanku. In ma ba AWS ba akwai gidajen ajiye sabar, Rack Centre nan Oregun da MDXi a Lekki, ku kama hayar wuri ku ajiye ƙarfen ku a inda wuta da sanyi basa yankewa

Anti Rabi: Maganar Kabiru ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma oga ya riga ya sayi ƙarfe kuma a ofis yake son ganinsa, mu taimaki yaro da abin da ke gabansa. Nura kafin ka sa filasha, shiga F2 lokacin da take tashi ka duba min katin RAID ɗin, wato katin da ke haɗa diskokin su zama ɗaya, wanne ne a ciki?

Nura Apapa: PERC H730 Mini aka rubuta, duka biyun. Mai shagon ma ya riga ya haɗa diskin RAID 5 yace in bar shi haka

Anti Rabi: Warware shi. Ga dalili. Kana so VM ɗin da ke sabar ta ɗaya ya samu kwafinsa a ta biyu, kuma baku da akwatin ajiya na tsakiya. Ceph, manhajar da ke haɗa diskin sabobi ya zama ajiya ɗaya, ba taku bace, ita sabar uku cikakku take so da netwok mai gudu sosai, shaida bata shiga lissafinta. Abin da ya rage muku ZFS ne, tsarin ajiya da ke haɗa diski da manhaja ba da kati ba, da kwafin da Proxmox ke turawa lokaci lokaci. Shi kuma ZFS so yake ya ga diski ido da ido, baya son kati ya shiga tsakani yana ɓoye masa abin da ke faruwa. Sa'ar ka H730 tana da yanayin HBA da ke miƙa diski kai tsaye, ka goge RAID ɗin ka mayar da ita can. Da R720 ce mai H710 da sai an yi mata filashin, wani ciwon kai daban.

Injiniya Bashir: Nan kuma ban yarda ba. RAID na kati shekara da shekaru muna amfani da shi lafiya lau, yana da batirinsa yana da ma'ajiyarsa, diski ya mutu fitila ta yi ja ka zare ka sa wani ko masinja zai iya. ZFS sai ka buga umarni, in Nura ya tafi gida sallah wa zai buga?

Anti Rabi: Injiniya batirin katin da ya yi shekaru a wata ƙasa sannan ya kwana a kwantena ya zo Ikeja? Kuma ka faɗa min yadda zai tura kwafi zuwa ɗaya sabar a Proxmox ba ZFS

Injiniya Bashir: DRBD, manhajar da ke kwafe diski daga sabar zuwa sabar ta netwok

Anti Rabi: Kai zaka zo Apapa ka riƙa kula masa da shi?

Injiniya Bashir: Hhh da wannan gosulo na tankoki? A'a Hajiya na janye, a yi ZFS ɗin

Sadiq Agege: Ƙari a kan na Anti. Diski biyu ka yi madubi, wato kowanne kwafin ɗan uwansa, ka ɗora OS a kai, a wurin instol ɗin zaka ga zfs RAID1, sauran biyun ma madubi don VM. Sunan tafkin ajiyar dole ya zama iri ɗaya sak a sabobin biyu in ba haka ba kwafin ba zai tafi ba. Kuma tunda tokumbo ne da ka gama ka buga smartctl -a a kan kowane diski ka ga awa nawa ya yi yana aiki da kuma nawa ya cinye na rayuwarsa, don wasu sabar ce ta kamfani amma SSD ɗin ciki na laftof ne aka cusa, irin waɗannan in ZFS ya matsa musu da rubutun database basa daɗewa. In ka ga haka ka koma shagon tun rasit bai yi sanyi ba

Nura Apapa: Na gode manya. Bari in fara, zan dawo da labari

Anti Rabi: Tsaya, kafin ka danna komai ɗauki biro da takarda. Sunan kowace sabar da adireshinta ka yanke yanzu, don bayan an haɗa kulasta canza suna ko IP ba ƙaramin aiki bane. Adireshi tsayayye, kar ka bar rauta ta raba musu. Ka rubuta su duka a /etc/hosts na kowacce. Sannan R730 tana da ramin netwok huɗu a baya, kar ka zuba komai a rami ɗaya. Ɗaya na ofis ta suwic. Ɗaya kuma ka ja kebul kai tsaye daga sabar zuwa sabar ba suwic a tsakani, ka ba corosync shi kaɗai, wato manhajar da sabobin ke jin juna da ita, don shi ba yawan data yake so ba jinkiri ne baya so, in ka haɗa shi layi ɗaya da kwafin diski duk sanda layin ya cika sai ya ɗauka ƴar uwarsa ta ɓace. Na uku shi ma kai tsaye don kwafi da ƙaurar VM. Layin ofis ɗin ka sa shi a matsayin hanyar corosync ta biyu ko da ta farko ta samu matsala. Kuma ka haɗa iDRAC, abin Dell na sarrafa sabar daga nesa, ka canza masa fasuwod, na asali root da calvin ne duk duniya ta sani.

Ɗan Mile 12: calvin kuma, waye shi

Sadiq Agege: Tambayi Dell

Nura Apapa: Jama'a na dawo. Instol ya tafi lafiya a duka biyun, ina shiga shafin Proxmox a burauza ta 8006. Amma abu biyu. apt update yana bani 401 Unauthorized, sannan ta biyun ta ƙi shiga kulastar, na yi pvecm create a ta farko lafiya, pvecm add a ta biyu sai ƙorafin satifiket

Sadiq Agege: Na farkon ba komai bane, ma'ajiyar masu biyan kuɗi ce a kunne. Shiga Updates sai Repositories, kashe ta enterprise har da ta Ceph, ƙara No-Subscription. Na biyun kuma buga date a kowacce ka turo mana

Nura Apapa: Ta farko daidai take. Ta biyu wai muna shekarun baya can, har watan ma ba shi bane

Sadiq Agege: Yawwa na sani. Batirin agogon allo ne ya mutu, CR2032 irin na rimot ɗin mota, ko a bakin titi zaka samu. Satifiket ɗin ta farko a ganin ta biyu ba'a ma haife shi ba tukuna shi yasa ta ƙi. Canza batirin duka biyun kawai, gyara lokaci a BIOS, timedatectl set-timezone Africa/Lagos, sannan chronyc tracking ka tabbatar chrony na kamo lokaci. Kulasta da agogo biyu bata zama lafiya ko da ta haɗu

Malam Habu Idi Araba: To ni yanzu bari in kawo tawa, don ni ba ɗan manhaja bane mai haɗa inbata da sola ne, kuma tun ɗazu nake jira wani ya tambayi inda za'a jona su a wuta babu wanda ya yi. Nura a ina zaka jona su?

Nura Apapa: Akwai UPS ɗaya babba a ɗakin Malam, sai janareton gidan

Malam Habu Idi Araba: To duk ƙuri'un da Hajiya ta lissafa a soket ɗaya suke. UPS ɗin nan ya yi tari sabar biyu da shaida da suwic duk tare zasu kwanta. A garin nan abin da yafi kashe sabar ba lalacewar ƙarfe bane, tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta ne, da kuma wutar da ke dawowa da hauka. Kowace R730 tana da wurin wuta biyu a baya in dai mai shagon bai zare ɗaya ba. Ka samu UPS na biyu, kowace sabar igiya ɗaya a wannan ɗaya a wancan. Kuma UPS ɗin ya zama irin onlayin mai tace wuta kullum, ba irin na kwamfutar gida mai ƙara ƙit in an ɗauke ba, wutar janareta in bata da tsabta waɗancan sai su yi ta komawa batir har ya ƙare janareta na aiki. Suwic da rauta ma a kan UPS, mutane na mantawa da su. Ayi atin na ƙwarai kuma, na shiga ofisoshi da yawa ramin atin ɗin soket ado ne kawai ba waya a bayansa.

Anti Rabi: Wannan ita ce maganar da ta fi duk tawa. Ƙara da NUT a kai, manhajar da ke sauraron UPS ta USB ko netwok, in batir ya kusa ƙarewa ta kashe VM da sabobin cikin mutunci. A BIOS kuma AC Power Recovery ka sa shi On don in wuta ta dawo da tsakar dare su tashi da kansu.

Kabiru Cloud: Ku faɗa masa kuɗin wutar ma. A ce kowacce na jan wat 200, biyu 400, awa 24 kwana 30 ya kama yunit 288 a wata. In layinsu Band A ne da aka kai naira 225 a Afrilun 2024 kun ga ya haura dubu sittin, ba'a sa AC ba ba'a sa dizal ba. An ɗan rage farashin daga baya amma ba wani abin kirki ba

Malam Habu Idi Araba: AC ɗin kuwa dole ne. Dell digiri 35 suka ce iyakar iskar da zata shiga, ɗaki a rufe a Legas watan Maris da injina biyu na hura zafi ai zai wuce haka. Ga iskar Apapa mai gishiri da laima tana cin ƙarfe. iDRAC na nuna zafin iskar shiga da wat ɗin da take ja, ka duba can ka daina hasashe

Nura Apapa: Alhamdulillah an canza batir ta shiga. Na samu wata tsohuwar laftof ta sakatariya na yi shaidar da ita. pvecm status yanzu Expected votes 3, Total votes 3, Quorate Yes. Amma wajen sa Windows a VM ya tsaya a inda ake zaɓar diski, fanko yake nuna min wai babu diski

Sadiq Agege: Direban VirtIO ne, wanda ke sa Windows ya ga diskin VM, babu a faifan Windows. Sauke virtio-win ISO ka jona shi a matsayin CD na biyu, a wannan shafin fankon danna Load driver ka shiga vioscsi ka zaɓi na sigar Windows ɗinka amd64, diskin zai fito. In ka gama ka sa sauran direbobin da guest agent daga faifan dai, in ba haka ba katin netwok ma ba zai gani ba

Injiniya Bashir: Tambaya ɗaya Nura. Manhajar albashin nan da lasisin filasha take aiki, irin ɗan abin da ake sokawa a USB?

Nura Apapa: Eh Injiniya akwai wani ɗan shuɗi a bayan kwamfutar akanta, an ce in an zare bata buɗewa

Injiniya Bashir: To wannan VM ɗin ba zai yi ƙaura da kansa ba. Zaka iya miƙa masa USB ɗin daga sabar da aka soka shi, amma in sabar ta mutu ɗan shuɗin na jikinta, sai mutum ya tashi ya zare ya kai ɗayar. Ko ku tambayi masu manhajar in suna da lasisin netwok. Ni da zan baka shawara database ɗin ma ka raba ta da Windows, yi mata VM nata na Linux, a nan sai ka sa Ubuntun taka ko Rocky ta, ban hana ba

Sadiq Agege: Ubuntu

Injiniya Bashir: Yaro man kaza

Anti Rabi: Saura ka koma wajen oga da gaskiya tun kafin ranar ta zo, don abin da yace na ba tare da kowa ya sani ba babu shi a wannan tsarin. In kai ne da kanka zaka kashe sabar don gyara, eh, zaka iya matsar da VM yana aiki ba wanda zai lura. Amma in mutuwar farat ɗaya ce sai kulasta ta tabbatar waccan ta mutu sannan ta tada VM a ɗayar daga farko kamar an kunna kwamfuta, wajen minti biyu kafin ma Windows ya fara tashi. Kuma daga kwafin ƙarshe zai tashi. Proxmox minti 15 take sawa in baka taɓa ba, zaka iya rage shi har minti ɗaya, na database ka rage. Duk abin da aka shigar bayan kwafin ƙarshe sai an sake shigarwa. Ka faɗa masa haka a rubuce.

Kabiru Cloud: Kuma kwafin nan ba bakof bane, a faɗa masa wannan ma. Akanta ya goge fayil ko ƙwayar masu neman kuɗin fansa ta shiga, cikin minti kaɗan ɓarnar ta isa sabar ta biyu ita ma

Anti Rabi: Sosai. Tsohuwar kwamfutar akantan tunda laftof ta karɓi aikin shaida, a ƙara mata babban diski a sa mata Proxmox Backup Server, bakof kowane dare. Kwafi ɗaya kuma ya bar ginin, ko diskin waje da ake juyawa ko can wajen su Kabiru, don ruwan Yuli in ya shiga ƙasan bene baya tambayar wace sabar ce ta farko. Kuma ka gwada dawo da VM ɗaya daga bakof ɗin ka ga ya buɗe da idonka.

Ɗan Mile 12: to yanzu ya kunna HA ɗin ko kar ya kunna

Injiniya Bashir: Ya kunna mana, to meye amfanin duk wahalar

Anti Rabi: Ni ban ce yanzu ba. UPS na biyu bai zo ba, bai san halin suwic ɗinsu ba in janareta ya karɓa. HA a kan wuta mara tabbas sabobin zasu yi ta sake kunna kansu yana zaune. Ya bar kwafi na tafiya, ya yi sati biyu yana duba journalctl -u corosync ya ga ko layi na yankewa. In shiru, ranar Asabar da ba kowa ya yi VM na gwaji ya sa shi a HA, ya zare wutar sabar ɗaya da hannunsa yana kallon agogo. Sannan ya zare kebul ɗin corosync kaɗai ya gani, sannan ya kashe laftof ɗin shaida ya gani. In duk ukun sun yi yadda ake zato sai ya sa na gasken.

Injiniya Bashir: Sati biyu ya yi yawa Hajiya, ɗaya ya isa

Malam Habu Idi Araba: Ku bar shi ya kai ƙarshen wata dai, lokacin ne ake ƙarancin dizal a yawancin gidajen nan ana kashe janareta da rana, a nan zai ga ainihin halin wutarsu

Nura Apapa: Na bi ta Malam, ƙarshen wata. Oga ya amince da UPS ɗin bayan na nuna masa lissafin Kabiru da maganar minti biyun, yace dai in kawo farashi daga wuri uku. Malam Habu zan maka magana ta gefe kan girman da ya kamata da maganar atin ɗin

Malam Habu Idi Araba: Ba damuwa. Ka turo min wat ɗin da iDRAC ke nunawa na kowacce da rana tsaka lokacin da kowa ke aiki, da hoton bayan UPS ɗin da kuke da shi yanzu